Kujerar Tuscaloosa: tarihin masu horar da ƙungiyar Jami'ar Alabama

Ranar 10 ga Janairu 2024 labari ya bazu a garin Tuscaloosa da ke Amurka cewa Nick Saban, kocin ƙungiyar Jami'ar Alabama, ya ajiye aiki. Kafin dare ya yi nisa ɗalibai sun taru a gaban mutum-mutuminsa da ke bakin filin wasan jami'ar, wasu na ajiye furanni, wasu kwalaben lemo, wasu kuma irin biskit ɗin da kowa ya san da shi yake karya kumallo. Wanda ya ga hotunan wannan dare zai rantse rasuwa aka yi. Mutumin kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, shekararsa 72, cewa kawai ya yi ya isa haka.

Wanda ya saba da Firimiya da Laliga dole ya yi mamaki, don kocin ƙungiyar makaranta ne ake wa wannan juyayi. Wasan da ake magana a kai shi ne zari-rugar Amurka, wadda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum sha ɗaya-sha ɗaya, kowa sanye da hular kwano. Jami'o'i ne suka raini wasan tun kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL, kuma jihar Alabama ba ta da ƙungiya ko ɗaya a NFL. Saboda haka duk son wasa da ke zukatan mutanen jihar ya taru ne a kan jami'o'i biyu, Alabama da abokiyar hamayyarta Auburn. Filin Bryant-Denny na cin mutum kusan dubu ɗari, kuma albashin Saban a ƙarshen zamaninsa ya haura dala miliyan 11 a shekara, abin da gwamnan jihar ko kusa bai samu.

Akwai dalilin da ya sa koci ya fi nauyi a wannan wasa fiye da yadda muka sani a ƙwallon Turai. Ɗan wasan jami'a ɗalibi ne, shekara uku ko huɗu zai yi ya wuce. A da ba a sayo shi daga wata ƙungiya. Koci ne zai tashi takanas ya je gidan iyayen yaro ɗan shekara sha bakwai, ya zauna a falonsu, ya shawo kan uwa da uba su ba shi amanar ɗansu. Kowace shekara sai an sake wannan zawarci. Ga kakar wasa gajera, wasa goma sha biyu ne kafin na ƙarshen shekara, a da in aka ci ka sau biyu kusan an gama maganar kofi. 'Yan wasa na zuwa suna tafiya, koci ne kaɗai ke zaune. Shi ya sa in ana ba da tarihin ƙungiyar jami'a, da sunayen koci ake lissafa shi, kamar yadda ake lissafa tarihin gari da sunayen sarakunansa.

An fara wasan a Alabama a 1892, ƙarƙashin E. B. Beaumont, wanda ya ci wasa biyu aka ci shi biyu. Shekarun farko koci na zuwa ya yi kaka ɗaya ko biyu ya kama gabansa, babu abin tsayawa a kai. Wanda ya fara ɗaga sunan makarantar shi ne Xen Scott, wanda a 1922 ya kai yaransa Philadelphia suka doke Jami'ar Pennsylvania da maki 9 da 7, a lokacin da ake ganin manyan makarantun arewa maso gabas su ne masu wasan.

Wallace Wade ne ya kafa gidan. Shugaban jami'ar, George Denny, ya ɗauko shi daga Vanderbilt a 1923. Ranar 1 ga Janairu 1926 Alabama ta je California wasan Rose Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin rufe kaka, ta doke Jami'ar Washington da 20 da 19. Sai an tuna halin da kudancin Amurka ke ciki a lokacin kafin a gane girman wannan maki guda. Yanki ne da ya sha kashi a yaƙin basasa, talauci ya yi masa katutu, sauran ƙasar na masa kallon koma-baya. Fararen fatar kudu suka ɗauki nasarar tamkar an share masu hawaye, kuma tun daga ranar kujerar kocin Alabama ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wasa. Wade ya kawo kambun ƙasa na 1925 da na 1926, sai kakanni uku suka biyo baya da ba su kai na baya armashi ba. Nan da nan gunaguni ya tashi. Ransa ya ɓaci, ya sanar tun kafin kakar 1930 cewa daga ita zai koma Jami'ar Duke. A wannan kaka ta bankwana ya ci wasanninsa goma duka, ya rufe da lallasa Washington State da 24 da nema, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ashe gajen haƙurin magoya bayan Alabama ba yau ya fara ba.

Wanda ya gaje shi, Frank Thomas, shi ma baƙo ne, ɗan makarantar Notre Dame da ya yi wasa a hannun Knute Rockne. Daga 1931 zuwa 1946 ya ci wasa 115, aka ci shi 24, aka yi canjaras 7, kafin rashin lafiya ya sauke shi. A ƙungiyarsa ta 1934, wadda ta doke Stanford a Rose Bowl, tauraron da ake ji da shi shi ne Don Hutson. A ɗaya gefen layin kuma akwai wani dogon yaro ɗan talakawa daga jihar Arkansas da ba a cika kula shi ba, sunansa Paul Bryant.

Bayan Thomas abubuwa suka fara sauka a hankali a zamanin Harold Drew, sannan suka rufta gaba ɗaya a hannun J. B. Whitworth, wanda a 1955 aka ci shi wasa goma cikin goma. A kakanni uku wasa huɗu kacal ya ci. Wannan ƙasƙanci ne ya sa aka aika wa Bryant.

Laƙabinsa Bear, sunan dabbar nan beyar, ya samo shi ne yana yaro lokacin da ya yarda ya yi kokawa da ita a wani gidan wasa don a ba shi kuɗi. Kafin ya dawo gida ya horar da Maryland da Kentucky da Texas A&M, inda a 1954 ya kwashi 'yan wasansa zuwa wani busasshen wuri mai suna Junction, ya gasa su cikin rana har mafi yawansu suka gudu. Da aka tambaye shi dalilin barin Texas A&M, cewa ya yi Mama ce ta kira, wato tsohuwar makarantarsa Alabama, in kuwa Mama ta kira da gudu ake amsawa. Ya fara aiki a 1958. A filin atisaye yana da wata doguwar hasumiya ta ƙarfe da yake hawa yana kallon kowa daga sama da lasifika a hannu, kuma tsofaffin 'yan wasansa sun sha ba da labarin yadda gabansu ke faɗuwa in suka ji alamar yana saukowa. Ranar wasa kuma ga shi jingine da turken raga, da hularsa mai zanen baƙi da fari wadda har yau magoya baya ke sawa.

Kakanni 25 ya yi, ya ci wasa 232, ya ɗauki kambun ƙasa shida: 1961, 1964, 1965, 1973, 1978, 1979. Wannan lissafi na buƙatar ɗan bayani. A wancan zamani babu wasan ƙarshe da ke fitar da zakara, ƙuri'a ake kaɗawa, ɗaya ta 'yan jarida, ɗaya ta masu horarwa, kuma wani lokaci ana kaɗa ta kafin wasannin ƙarshen shekara. Shi ya sa Alabama ke riƙe da kambun 1964 ko da yake Texas ta doke ta bayan an naɗa ta, da na 1973 ko da yake Notre Dame ta ci ta da 24 da 23. Makarantar na iƙirarin kambu 18 gaba ɗaya, kuma na 1941, shekarar da aka ci ta sau biyu, ko a cikin magoya bayanta akwai masu jin nauyin ambatonsa.

Abin da ya fi muhimmanci a zamanin Bryant, a ganina, ya faru ne a tsakiyarsa, lokacin da tauraronsa ya dusashe. A 1969 an ci shi sau biyar, a 1970 ma haka, mutane suka fara raɗe-raɗin zamani ya wuce shi. Kuma akwai tabon da ba ya ɓoyuwa: ƙungiyarsa fararen fata ce zalla. A wannan jami'a ce Gwamna George Wallace ya tsaya a bakin ƙofa ranar 11 ga Yuni 1963 don ya hana Vivian Malone da James Hood, ɗalibai baƙaƙen fata, yin rajista. An buɗe azuzuwa a ranar, amma filin wasa ya ƙara shekaru yana rufe. Ranar 12 ga Satumba 1970 Jami'ar Southern California ta zo Birmingham da 'yan wasanta baƙaƙe, cikinsu har da Sam Cunningham, ta ragargaji Alabama da 42 da 21. Ana yawan cewa wannan wasa ne ya buɗe ƙofa, amma tun kafin ranar Bryant ya riga ya ba Wilbur Jackson, baƙar fata, gurbin karatu, kuma a 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya taka wa ƙungiyar wasa. Masu kare Bryant na cewa siyasar jihar ce ta ɗaure masa hannu. Ni dai ina ganin mutumin da babu mai faɗa a ji kamarsa a jihar ya yi jinkirin da bai kamata ba, kuma yaran Alabama da dama suka tafi makarantun arewa saboda ƙofar gidansu a rufe take.

A wannan shekara ta 1971 ya yi wani abin da ba kowane dattijo ke iyawa ba. Ya je wurin Darrell Royal na Jami'ar Texas ya koyi sabon tsarin kai hari da ake kira wishbone, inda ake jera masu gudu da ƙwallo uku a bayan mai jifa. Ya horar da yaransa a asirce, ya je Los Angeles ya rama wa Southern California da 17 da 10. Mutumin da ya yi suna da masu jifa irin su Joe Namath da Ken Stabler ya ajiye abin da ya sani ya ɗauki na wani, kuma rabin kambunansa bayan wannan sauyi suka zo. Wasansa na ƙarshe shi ne na 29 ga Disamba 1982, inda ya doke Illinois da 21 da 15. Ranar 26 ga Janairu 1983 ya rasu, ko wata guda bai cika da ajiye aiki ba.

Daga nan aka shiga shekaru 24 na neman wanda zai cike gurbi. Mai bin ƙwallon Ingila ya ga irin wannan a Manchester United tun da Ferguson ya tafi a 2013, sai dai na Tuscaloosa ya fi tsawo. Tambayar da aka riƙa yi wa duk mai neman kujerar ita ce: ɗan gida ne? Ya yi wasa a hannun Bryant, ko ya yi masa aiki?

Ray Perkins ɗan gida ne, ya baro New York Giants ya amsa kira. Cikin abubuwan farko da ya yi har da sauke hasumiyar Bryant, kuma da yawa ba su yafe masa ba. A 1984 ƙungiyar ta yi kakar da shan kashi ya fi nasara yawa, karo na farko tun 1957, kuma bayan kakanni huɗu ya koma NFL. Sai aka kawo Bill Curry, wanda ba ɗan gida ba ne, ga shi kuma ɗan Georgia Tech, makarantar da ke da tsohuwar gaba da Bryant. Ya ci wasa 26 cikin 36, a 1989 ya raba kambun rukunin SEC na jami'o'in kudu maso gabas, amma sau uku ya haɗu da Auburn, sau uku ta ci shi. A Alabama wannan laifi ne da ba shi da kaffara. Ya gane ba a son sa, ya tattara ya tafi Kentucky.

Gene Stallings ne kaɗai ya samu abin da ake nema. Yana cikin waɗanda suka jure sansanin Junction, kuma lokacin da yake kocin Texas A&M ya taɓa doke maigidansa a Cotton Bowl na 1968, inda Bryant ya sungume shi sama a tsakiyar fili don murna. Muryarsa da tafiyarsa duk suna tuna wa mutane marigayin. An mayar da hasumiya mazauninta. A kakar 1992 ya ci wasa 13 ba a ci shi ba, ya rufe da murƙushe Miami da 34 da 13. Amma a zamaninsa ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hukunta makarantar a 1995, kuma wannan mafari ne kawai. Mike DuBose, wani ɗan gidan, ya ɗauki kambun SEC a 1999, shekara ta zagayo wasa uku kawai ya ci, ya bar ƙungiyar cikin badaƙalar kuɗin da wani attajirin mai goyon baya ya biya don a samo wani ɗan wasa daga Memphis. Hukuncin 2002 ya hana makarantar wasan ƙarshen shekara har kaka biyu, aka rage mata guraben karatu 21. Dennis Franchione ya roƙi 'yan wasa su tsaya a sha wuya tare, sannan shi ya tafi Texas A&M bayan kaka biyu. Mike Price kuwa an kore shi a watan Mayun 2003 kan batun ɗabi'a, ko wasa ɗaya bai jagoranta ba.

A nan aka yi zaɓin da har yau ake muhawara a kansa. Mutum biyu ne a gaba, duka tsofaffin 'yan wasan makarantar: Mike Shula, ɗan shahararren kocin NFL Don Shula, da Sylvester Croom, baƙar fata, haifaffen Tuscaloosa, wanda ya yi wasa a hannun Bryant ya kuma yi kimanin shekara goma yana mataimakin koci a nan. In da gaske ɗan gida ake nema, Croom ya fi kowa cika sharaɗin. Aka ɗauki Shula. Kafin shekarar ta ƙare Mississippi State ta ɗauki Croom, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe babbar kujerar koci a wannan wasa a rukunin SEC. Shula ya ci wasa goma a 2005, amma sau huɗu Auburn na cin sa a jere, aka sallame shi a ƙarshen 2006.

Daraktan wasanni Mal Moore, shi kansa yaron Bryant, shi ne ya karya al'adar. Rich Rodriguez na West Virginia ya ƙi tayin. Moore ya nufi Saban, wanda ke horar da Miami Dolphins, wanda kuma ya riga ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa ba zai zama kocin Alabama ba. A farkon Janairu 2007 sai ga shi ya sauka a Tuscaloosa da kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 32. Ba shi da wata alaƙa da Bryant, ɗan West Virginia ne, kuma ya taɓa ɗaukar kambun ƙasa da abokiyar hamayya LSU, wato Jami'ar Jihar Louisiana, a 2003. Abin da aka ba shi wanda magabatansa ba su samu ba shi ne cikakken iko. Attajiran da suka saba tsoma baki aka ja masu layi, murya ɗaya ce ke magana da sunan ƙungiya. A watan Afrilu mutum sama da dubu 92 suka cika fili don kallon wasan gwaji tsakanin 'yan ƙungiyar su ya su.

Kakar farko ba ta yi daɗi ba, har ƙaramar makarantar Louisiana-Monroe ta zo gida ta ci su. Amma zawarcin yara ya kankama, kuma a 2009 kambu ya dawo, Mark Ingram kuma ya zama ɗan Alabama na farko da ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Sai 2011, 2012, 2015, 2017, 2020. Shida ke nan, daidai da Bryant, in aka haɗa da na LSU bakwai, kuma duka a zamanin da sai an buga wasan ƙarshe ake naɗa zakara.

Shi ma ya yi irin juyin da Bryant ya yi. Saban mutumin tsaron baya ne, ya gina sunansa a kan ƙarti masu nauyi da wasa a natse, har ya fito fili yana sukar salon gaggawa da ya fara yaɗuwa. Da ya ga dokoki da zamani sun karkata can, a 2014 ya ɗauko Lane Kiffin ya damƙa masa kai hari, ƙungiyar ta rikiɗe ta zama mai jifa da sauri. Kuma ba ya jin nauyin sauya shawara a tsakiyar yaƙi. A wasan ƙarshe na 8 ga Janairu 2018, Georgia na gaba da 13 da nema a hutun rabin lokaci, ƙarƙashin tsohon mataimakinsa Kirby Smart. Saban ya zaunar da Jalen Hurts, wanda sau biyu kacal aka taɓa ci tun da ya fara jan ƙungiyar, ya sako sabon ɗalibi Tua Tagovailoa. A ƙarin lokaci aka kayar da yaron can baya, kowa ya ce ya ɓata rawarsa da tsalle. Jifa na gaba ya cilla wa DeVonta Smith, shi ma sabon ɗalibi, wanda ya kama ya shige da ita. Aka tashi 26 da 23.

Sauyin ƙarshe ne bai tsaya ya bi ba. Daga 2021 aka halatta wa ɗalibai karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, aka kuma sauƙaƙa masu sauya makaranta ba tare da zaman jira ba. Koci yanzu sai ya yi zawarcin yaran da ke hannunsa kowace shekara kamar yadda yake zawarcin na waje, kuma ikon da Bryant ke da shi daga saman hasumiya ya zama tarihi. Wasan Saban na ƙarshe a Rose Bowl aka yi shi, inda labarin ya fara a zamanin Wade, ranar 1 ga Janairu 2024, Michigan ta yi nasara da 27 da 20.

Wannan karon ba a tsaya neman ɗan gida ba. Cikin kwana biyu aka sanar da Kalen DeBoer, ɗan jihar South Dakota, wanda ya fara suna a ƙaramar makarantar Sioux Falls kuma ya kai Jami'ar Washington wasan ƙarshe a wannan makon. Wasu daga cikin fitattun 'yan wasan Saban suka yi amfani da sabuwar dokar suka fice kafin ya gama zama. A ƙarshen Satumba ya doke Georgia da 41 da 34, aka ɗora ƙungiyar a matsayi na ɗaya a ƙasa. Mako guda bayan haka Vanderbilt, wadda rabon ta da cin Alabama tun 1984, ta doke su da 40 da 35, magoya bayanta suka tumɓuke turken raga suka ɗauke shi a kafaɗa har kogin Cumberland suka jefa. DeBoer ya gama kakar da nasara tara da shan kashi huɗu, nasara biyu fiye da abin da Saban ya samu a kakarsa ta farko, kuma karo na farko tun 2007 da Alabama ta kasa cin wasa goma. Duk wasan gida da ya jagoranta, a kan ciyawar da aka raɗa wa sunan Saban a 2024 ya yi shi, cikin filin da ke ɗauke da sunan Bryant.